Ƙwara Goma Daga Tulun Kaka

Har yau in na kwashe toka daga murhu da safe, warinta ya kama mini maƙogwaro, sai in tsinci kaina a ɗakin kakata, hannuna cikin tulu har gwiwa, kunnena yana sauraron takun da zai shigo gida. Shekaruna tara ko goma a lokacin. Bari in gaya muku yadda hannun nan ya shiga inda aka hana shi.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Yekuwa. Lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, aji biyu ne kacal, ɗaya ginin laka na manya, ɗaya rumfar zana tamu. Ni a ƙarshen benci nake zama, jikin zana, inda wata ɓula take da nake hango sararin gabas ta cikinta. Ba na magana. Ko na san amsa ba na ɗaga hannu, har sai da mushenmu, wato malaminmu, ya ɗauka a farkon shekara cewa kunnena ne ba ya ji. Saurayi ne dogo daga Damagaram, kullum da alli a gwiwar rigarsa, da tsumagiyar bedi, wato darbejiya, a kan teburi wadda bai cika ɗauka ba, amma kowa ya san inda take.

Shekarar ta biyo bayan shekarun fari ne. Mutane sun fara miƙewa, amma ba su gama ba. Saura kamar wata ɗaya a rufe lakwal, ana tsakiyar bazara, zafi yana sa bencin ya yi ɗumi tun hantsi, sai mushe ya ce za mu koyi yadda iri yake tsirowa. Kowa ya zo da gwangwani da ƙwarar wake goma. Za mu shuka, mu riƙa ba su ruwa, kullum mu zana abin da muka gani a cikin kaye, littafin rubutunmu. Ya ce zanen zai shiga cikin makin jarrabawar ƙarshen shekara, wadda ita ce take raba mai wucewa aji na gaba da mai maimaitawa. Ya ba mu kwana biyu.

Gwangwani ba wuya, na samu na tumatir a bayan gidan mai tebur. Wake ne babu. Na tambayi Inna, mahaifiyata, ta ce rabon da a ga wake a tukunyarta har ta manta. A duk gidanmu wuri ɗaya ne ake da shi, a cikin tulun Kaka.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Tulun yana kusurwar ɗakinta, bayan gado, an rufe bakinsa da sakaina an liƙe da laka. A ciki akwai irin wake gauraye da toka don kada ƙwaro ya ci. Wani ƙaramin farin wake ne mai ɗigon ja a ido, da ta ce daga hannun mahaifiyarta ta gada. Ni kuma sunan wannan mahaifiyar tata aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da suna, sai dai ta ce uwata. Damina uku tulun yana rufe. Ruwa bai yi yadda za ta yarda ta zuba irinta a ƙasa ba, kuma ba ta yarda a ci ba. Mun ci jar dawar taimako, mun ci dusa, mun ci ganyen da a da awaki kawai muke ba. A cikin wannan halin nonon Inna ya ƙafe, tana goyon ƙanwata. Ina tsaye a bakin ƙofa ranar da Inna ta durƙusa ta roƙi Kaka ko da tafin hannu biyu ne a dafa. Kaka ta ce wanda ya ci iri ya ci shekarar 'ya'yansa, a ƙara haƙuri. Ƙanwata ba ta kai damina ba. An ce zawo ne. Ba wanda ya sake tayar da maganar, kuma Inna ba ta sake kallon wannan kusurwar ba ko tana shara.

Da na iya buɗe baki, da na gaya wa mushe cewa gidanmu babu wake, ko in roƙi 'yar maƙeri da muke benci ɗaya ta sammini. Amma ni a lokacin, in tsaya gaban mutum in ce ba mu da shi ya fi mini komai nauyi. Ranar da wa'adi zai cika, da azahar, Kaka ta tafi barkar haihuwa, Inna tana rijiya. Na shiga ɗakin. Na sa tsinke na bi gefen lakar a hankali har sakainar ta ɗaga. Tokar tana da laushi da sanyi. Na ƙirga goma a tafin hannuna, na ƙulle a bakin zanena, na kwaɓa laka da ruwan randa na mayar da murfin. Sabuwar lakar ta fi tsohuwar duhu. Na tsaya ina yi mata fifita da faifai har ta fara fari.

Washegari muka huda gindin gwangwanayenmu da ƙusa. Yashi ɗaya muka ɗebo daga bakin rijiya, ruwa ma guga ɗaya. Mushe ya jera su a inuwar ginin laka, sun fi talatin, kowanne da lambar mai shi da aka rubuta da alli. Kullum da safe, kafin a buga ƙarfen shiga aji, sai mu tsugunna mu duba. Kwana na uku yashin wasu ya fara tsagewa. Kwana na huɗu wuyan tsiron ya fito a lanƙwashe, fari fat, kamar mai ruku'u. Daga nan ya miƙe, ɓawon yana rataye a kansa. Ni na fi kowa son zanen. Har ƙananan gashin da ke jikin saiwa sai da na sa, ranar da mushe ya tumɓuke ɗaya ya nuna mana.

Nawa gwangwanin shiru. A kwana na biyar biyu suka fito, sirara. Na riƙa gaya wa kaina sauran suna hanya.

Da mako ya cika, mushe ya ce kowa ya ƙirga nasa ya rubuta a allonsa ya ɗaga. 'Yar maƙeri tara. Wasu takwas, wasu goma cif. Na rubuta biyu ƙarama a kusurwar allo, na ɗaga shi daidai ƙirjina. Wani yaro a baya ya ce ko waken ma kunyar fitowa yake ji kamar mai shi, aji ya fashe da dariya. Mushe ya buga teburi. Da farko ya zaci ruwa na cika musu, ya ce in kawo gwangwanin. Ya tone yashin da bayan alƙalami, ya fito da takwas ɗin ya jera a kan takarda. Sun kumbura sun yi laushi, suna wari, ko alamar saiwa babu. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya juya ga aji ya mayar da abin darasi. Ya tambaya ko yashi ɗaya ne, aka ce ɗaya ne. Ruwa ɗaya, inuwa ɗaya. To me ya bambanta? Aji ya amsa cewa iri ne. Ya rubuta a babban allo cewa iri ma yana tsufa ya mutu, ko da ido yana ganinsa lafiya lau, muka kwafa.

Da aka tashi ya tsayar da ni. A cikin aji Faransanci kawai ake yi, amma ranar ya sauke murya ya yi mini Hausa.

"In a gida da sauran wannan, ki gaya wa babanki na tukunya ne. Kada ya wahalar da gona da shi."

Na gyaɗa kai na fita. Bai san daga ina na ɗebo ba, ban kuma faɗa ba.

Ku duba abin da na ɗauko zuwa gida ran nan. Baba bai nemi irin wake a ko'ina ba, don kowa ya san tulun Kaka zai rufe gonar duka. In na yi shiru, za a zuba mataccen iri a ƙasa, kafin a gane kowa ya gama shuka nasa, ba sauran inda za a samu. Ba wake, ba harawar da za a ba awaki biyun da suka rage mana. In kuma na yi magana, sai na faɗi cewa ni na fasa tulun. Wannan ma da sauƙi, duka ne a yi a gama. Abin da ya fi ƙarfina shi ne in tsaya gaban Kaka, Inna tana ji, in ce abin da aka hana ta ranar da ta durƙusa ba ya da rai.

Bayan kwana biyu ruwan farko ya sauka. Gari ya watse zuwa gona, ajinmu ya koma rabi, mushe yana kiran suna ana cewa ya tafi shuka. Mu ma muka shuka gero, Baba yana sara da sungumi, ni da Inna muna bi muna zubawa muna takewa. A wurinmu wake ba ya bin ruwan farko. Sai gero ya fito ya ɗan tasa, a jira wani ruwa mai kyau, sannan a sa shi a tsakanin layuka. Wato ina da 'yan kwanaki, amma ban san nawa ba.

A cikin kwanakin goggona, ƙanwar Baba da ke aure a Dungas, ta zo gaishe mu. Ina zaune a gefe ina tsince tsakuwa daga dawa lokacin da ta ce mijinta ya samu irin wake har ya yi musu yawa, in ana so ta aiko da ƙwarya ɗaya. Kaka ta yi dariya ta ce ta riƙe waken kasuwarta, ita da take da na uwarta a ɗaki, in ma goggo tana so a ɗiba mata. Goggo ta ce to shi ke nan, akwai maƙwabta da suke ta bin ta. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Iska ce kawai ta fito. Goggo ta dube ni ta ce wannan 'yar har yanzu ba a saya mata murya ba, suka yi dariya, ta ɗaura mayafinta ta tafi.

Sai na kama wata igiya. Na ce wa kaina ai na sama na ɗeba, waɗanda suke kusa da baki, zafi ya fi dukansu. Wataƙila na ƙasa suna nan da ransu. Na sake jiran azahar, na sake sa tsinke, wannan karon na cusa hannu har ƙasan tulun. Na sami wani gwangwanin, na shuka goma, na ajiye a ƙarshen layi ba lamba. Mushe ya gani. Ya dubi gwangwanin, ya dube ni, daga ranar kuma in yana zagayawa da safe sai ya ɗan tsaya a kansa.

A wannan makon aka yi jarrabawa. Waɗanda suka tafi gona aka aika aka kamo su, wasu da ƙasa a ƙafa. Mushe yana karanta shifta a hankali, yana tafiya tsakanin bencina, ni kuwa ina rubutu da ido ɗaya, ɗayan yana cikin ɓular zana yana duba gabas. Duk gajimaren da ya taso sai in bi shi da kallo. Yara suna murna in iska ta kaɗa, ni ina roƙon Allah a raina ya ɗan riƙe ruwan, sannan in ji tsoron abin da na roƙa, don na san abin da rashin ruwa ya yi mana. A lissafi aka ba mu raba-raba, wanda muka koya a watan.

Na ƙasan tulu uku suka fito. Na jira kwana bakwai cur, na ƙara ɗaya. Uku. Biyu da uku biyar, biyar cikin ashirin. Lissafin da mushe ya koya mana ne, ban iya hana kaina yi ba: a kowace huɗu, ɗaya ce mai rai.

Ana gobe za a rufe lakwal, da safe Baba ya tsaya a tsakar gida yana kallon sama, ya ce wa Kaka geron ya isa, da an yi ruwa sai wake, ta shirya fasa tulunta. Gabas ta yi nauyi tun hantsi. Na zauna a aji ban ji ko kalma ɗaya ba. Da aka buga ƙarfen tashin rana, na bari kowa ya watse, na ɗauki gwangwanayena biyu, ɗaya a kowane hannu, na nufi gida. Ban shirya abin da zan faɗa ba, don na san ba zan iya ba.

Kaka tana ƙarƙashin rumfa tana kaɗi. Inna tana bakin murhu, bayanta gare mu. Na durƙusa na ajiye gwangwanayen a gaban tabarmar, na sunkuyar da kai. Mazarin ya ci gaba da juyawa na ɗan lokaci, sannan ya tsaya. A ƙasan ɗaya daga cikin tsiron akwai busasshen ɓawon da ya faɗo. Ta ɗauka ta ɗora a kan farcenta, ta kai kusa da ido. Ɗigon jan yana nan.

"Uwata, daga ina?"

Na nuna ɗakinta da haɓa.

"Nawa kika zuba?"

"Goma-goma."

Ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa. Sai ta ce yashin lakwal ne ba shi da kyau, kuma me yara suka sani game da ban ruwa. Ta ce iri a gwangwani ai wasa ne. Muryarta ba ta tashi ba, kuma ba ni take kallo ba. A nan ne na yi maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa yi mata.

"Kaka, na kowa ya fito. Namu ne kawai."

Na ji ludayin Inna ya daina motsi a tukunya.

Kaka ba ta dake ni ba. Ba ta ci abincin rana ba. Da lokacin komawa aji ya yi, ta yafa mayafinta ta ce in wuce gaba. Tun da aka kafa lakwal a garinmu ba ta taɓa taka filinsa ba, tana cewa wurin da ake mayar da yara baƙi ne. Muna isowa aka daina hayaniya. Mushe yana riƙe da takardun jarrabawa zai fara rabawa, ya ajiye ya fito. Ba ta shiga rumfar ba. Kai tsaye ta tafi inuwar da gwangwanayen suke, ta tsugunna, ta fara bi ɗaya bayan ɗaya, tana taɓa ganyen tana ƙirgawa. Yara suka leƙo ta ɓulolin zana. Ba wanda ya yi dariya.

Mushe ya gaishe ta, ya tsugunna shi ma. Ta tambaye shi ko daga rijiya ɗaya aka ba su ruwa, ya ce ɗaya. Ta tambayi yashi, ya nuna mata inda aka ɗebo. Ta ce shi da ya yi karatu, shekara nawa wake yake yi da rai a tulu.

"Iya, ni ba manomi ba ne. Abin da gwangwani ya nuna, shi na sani."

Ta daɗe a tsugunne. Iska ta fara ɗaga ƙasan zana. Sai ta nuna gwangwanin da ya fi kowanne cika ta ce na 'yar wane ne, aka ce ta maƙeri. Ta nuna wasu biyu, aka faɗa mata gidajensu. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta yi wa mushe godiya, ta tafi ba ta waiwaye ni ba.

Kafin la'asar ta sa Baba ya ari amalanken maƙwabci ya kama hanyar Dungas. Ya tarar goggo ta riga ta rabar da fiye da rabi. Kaka da kanta ta kama kazarta don musaya da iri, ta shiga gidan maƙeri, ita da ba ta taɓa roƙon kowa iri ba, daga nan ta bi sauran gidajen biyu. Duk abin da aka haɗa rabin gonar ya rufe. Da an ƙara kwana biyu, ko wannan ba za a samu ba, don ruwan ya sauko a kwana na biyu, kowa ya fita da nasa.

Tulun kuwa ta fasa shi a tsakar gida. Ta sheƙe tokar, ta zauna da faifai ta tsince waɗanda suka fi cika ido, ta ware don gayaunarta, inda ta riƙa zuba takwas-takwas a rami. Sauran ta wanke ta ɗora a wuta da kanta, ta jefa kanwa. Ya daɗe bai nuna ba. Da ta sauke, ba ta fara zuba wa Baba ba kamar yadda aka saba. Ta cika akushi, ta ɗauka da hannu biyu, ta tsallaka tsakar gida zuwa ƙofar Inna, ta durƙusa ta ajiye. Uwar miji ce a gaban matar ɗanta. Ba ta kuma tashi ba. Ina bayan randa ina kallo. Inna ta dubi akushin har tururin ya fara raguwa. Sannan ta yi bisimilla ta ɗebi loma ɗaya ta kai baki, ta tauna a hankali, ta ce, "Tashi, Iya, ƙasa da sanyi." Kaka ba ta ɗanɗani waken nan ba ko ƙwara.

Na wuce aji na gaba. Ko ta nawa na zo ban riƙe ba.

Yanzu in na je garin, lakwal ɗin ginin siminti ne mai aji shida, rumfar zana sai in yara sun yi yawa. Irin wake a leda ake sayensa a kasuwar Dungas, an shafa masa jan magani, ba mai liƙe tulu da laka. Ƙaramin farin nan mai ɗigon ja ya ɗan daɗe a gayaunar Kaka daga 'yan ƙwarorin da suka rayu, daga baya ya ɓace cikin sauran, na nema ban samu ba. Matan da suka san dalilin da zai sa mutum ya kwana da yunwa da abinci a bayan gadonsa ma sun kusa ƙarewa, kuma ni ban iya yanke wa Kaka hukunci ba, ko yanzu da na girme ta a yadda take a lokacin.

Har ta rasu ba ta taɓa ce mini na kyauta ba, ba ta kuma ce na yi laifi ba. Amma kowace shekara, in bazara ta kusa ƙarewa, sai ta kira ni ɗakinta, ta buɗe tafin hannuna ta ƙirga ƙwara goma a ciki. Ta ci gaba da yin haka bayan an mayar da malamin wani gari, har bayan ni kaina na bar lakwal. Maganarta ɗaya ce kullum.

"Uwata, kai wa mushenku."